Layar Kabo Maƙeri

Shekarar da Gulbi ya ci tsohon garin Maraɗi, wani injiniya Bature ya zo awon sabon gari bisa tudu. Kabo, maƙerin Jiratawa, shi ya ƙera masa turakun ƙarfen awo. Wata huɗu yana bakin wuta, ciyawa kuwa ta cinye gonarsa. Da aiki ya ƙare, Baturen ya miƙa masa 'yar takarda, tafinta ya ce an ɗauke masa lanho, harajin kai, muddin ransa.

Kabo bai san ma'ajin rubutu mai daraja ba sai fata. Ya kai wa baduku takardar a Tsibiri aka ɗinke ta laya, ya ɗaura a damtse. Da ita yake ƙira, da ita ruwan sama ke dukansa.

Shekara shida mai gari yana tsallake ƙofarsa, don ya san zancen. Da mai garin ya rasu, sabon mai karɓar lanho ya ce sai ya ga takarda. Kabo ya farke ɗinkin a gaban jama'a. Ashe gumi ya riga kowa karantawa, takardar ta dame, ko ɗigon tawada babu.

Aka ɗauke masa uwar maƙera, ƙarfen da yake ƙira a kai, a bakin lanhon shekara shida. Bai ƙara hura wuta ba, amma fatar nan wofi tana damtsensa har ranar da masu wankan gawa suka kwance ta.