Kwano Ɗaya da Rabo Kuturu

Ran kasuwar Mayahi, a rumfar Ramlatu mai tuwo, wani baƙo ya sa lomata ta tsaya tsakanin kwano da baki. Dogo ne siriri, furfura ta fara cin gemunsa, rigarsa ta sha wanki har ta koɗe. A wuyansa akwai ɗan gicciye na itace. Wataƙila malamin lakkol ne, wato makarantar boko, da aka turo daga nesa, wanda ya gaji da ci shi kaɗai.

Ya karɓi tuwonsa, amma bai zauna kan benci da mu ba. Ya nufi gindin itacen bedi inda Rabo kuturu ke bara, ya tuɓe takalmi, ya zauna a ƙasa, ya ajiye kwanon tsakaninsu. Ya sunkuyar da kai ya yi addu'arsu. Sai ga hannu mai yatsu biyar da dungu suna shiga miya ɗaya.

Ramlatu ta dafe ƙirji. "Malam, kwanon nan fa kada ya dawo mini."

"To, bar mana shi," in ji baƙon. "A addininmu, wanda ba ka ci da shi ba, ba ka gama gaishe shi ba."

Yana mulmula loma, yana tura wa Rabo, suna hirar hatsin bana.

Rabo ya ɗago kai, ya ga mun zuba musu ido. Sai ya yi abin da duk mai cin abinci ke yi in ya ga mutane.

"Bismillah," ya ce mana.

Ko "mun ƙoshi" babu wanda ya iya cewa.