Ranar da Na Daina Cewa Da Sauƙi

Wani sa ne ya soke ni da ƙaho a Zango, aka yi mini aiki a Daura. Na farka cikina kamar an zuba garwashi, amma duk wanda ya ce yaya jiki, sai in ce da sauƙi. Haka aka rene mu, namiji ba ya raki.

Da la'asar wata nas ta dubi gumin goshina.

"Baba, ban yarda ba. Abin da marasa lafiya suka faɗa muke haɗawa da na asibitocin wasu ƙasashe, don a gane yawan maganin da ke isar mutum. In ka ɓoye, ka sha wuya, na bayanka ma ya sha."

Na daɗe ina kallon rufi. Na ce, "'Yata, wuta ce."

Ta yi mini allura. Gadon ya fara tafiya a hankali kamar amalanke a yashi. Na ga gadaje jere har ƙarshen gani, farare da baƙaƙe kwance, kowa da hannu a kan ɗinkinsa. Wani ya juyo ya tambaye ni jiki. Na faɗa masa gaskiya, ya gyaɗa kai, muka yi barci.