Zaman Yaya Balki a Bayan Ɗakin Haihuwa

Shekara tara ke nan cif da aka kai yayata Balkisu makwancinta a Masama. Ni Hajo ƙanwarta ban taɓa zama a aji ba, kuma ban ji kunyar faɗa ba. Bakin nawa ne, alƙalamin na ɗiyata ne, na kuma ce mata kada ta gyara mini magana.

Yaya Balki ungozoma ce. Ta fara karɓar haihuwa a gidaje, daga baya aka ba ta horo aka sa ta a ɗan asibitin karkara, tana taimaka wa malaman jinya. Rabin mutanen da yau suke noma tsakanin Masama da Dodoru, hannunta suka fara gani kafin fuskar uwarsu. Amma ba wannan nake son tunawa ba. Zamanta nake son tunawa.

Duk haihuwar da ta karɓa, ko an yi guɗa ko an yi kuka, sai ta wanke hannu, ta zaga bayan ɗaki, ta kifa turmi ta zauna. Ta rufe ido, ta ɗora tafuka a gwiwa, ba ta tanka wa kowa sai ruwan wankan maijego ya tafasa. Mutanen gari suka ga haka suka yanke hukunci: Balki tana da iskoki, da su take shawara. Har wata ta kawo mata farin zakara, wai a kai wa mutanen ɓoye gaisuwa. Ta soye shi muka cinye.

Ni ma na yarda da zancen, ba zan ɓoye ba. Wata rana na taso daga Kalgo, inda nake aure, da ƙullin tazargade a haɓar zane. Na same ta a kan turminta da hantsi, na lallaɓo da garwashi a kasko, na turnuƙe ta da hayaƙi. Ta sarƙe da tari, ta buɗe ido ɗaya.

"Ke Hajo, mi niy yi miki?"

"Su nika kora, Yaya."

"Su wa?"

"Mutanenki mana!"

Ta yi dariya har ta zamo daga kan turmin. Da ta nutsu sai ta ce mini babu kowa a wurin sai ita da numfashinta. Tana jan shi a hankali da sunan Allah, tana sakinsa a hankali, in tunani ya zo ta bar shi ya wuce. Ta ce nishin matar da ta gama da ita yana maƙale mata a kunne, in ta shiga wurin ta gaba da shi, bakinta kaifi yake yi. "Sauke wagga nikai, kahin in ɗauki waccan." Shekara talatin da wani abu ta yi a aikin, ban ji wadda ta ce Balki ta daka mata tsawa ba.

Bara, bayan babbar sallah, ɗiyarta Rabi ta zo mini Kalgo. Ita ta yi boko, malamar jinya ce a ɗakin haihuwa na wani asibiti a yankin Gwandu. Na gan ta ta rame, ido ya faɗa. Ta buɗe jaka ta nuna mini takarda, ta ce ta ajiye aiki ce, ranar Litinin za ta miƙa. Mata sun yi yawa, ma'aikata sun yi kaɗan, barci ya gudu, ciwon kai ya zauna. Abin da ya karya ta shi ne ta yi wa wata mai naƙudar fari tsawa, yarinyar ta haɗiye kukanta don tsoro. Rabi ta ce tun ranar ba ta son ganin fuskarta a madubi.

Na tambaye ta ko ba a yi musu wata dabara. Ta taɓe baki, ta ce an tara su an koya musu zaman nutsuwa, a rufe ido a bi numfashi, har da wata murya a waya mai cewa ja, saki. "Abin Turawa ne, Inna. Wa ke da lokacin wannan?"

Nan jinina ya hau. Na ce, "Na Turawa? Uwarki ta sha hayaƙina saboda shi tun ba ki iya ɗaura zane ba!" Ashe ba ta sani ba. Tana ƙarama lokacin, daga baya kuma ta tafi makarantar kwana, ita dai ta san uwarta mai haƙuri ce, ta ɗauka haka Allah ya yi ta. Na ja ta bayan ɗaki na zaunar da ita, na ɗauki sandata na tsare ƙofa. Maƙwabciya ta zo aron rariya na kore ta. Rabi ta yi kuka mai isarta, ta sauke numfashi, ta fito ta cinye tuwon shinkafa malmala biyu.

Nakan tambayi kaina me Yaya za ta ce da ta ga yau. Wayar nan mai koyar da numfashi za ta ba ta dariya har ta riƙe ciki. Amma na san ba za ta yarda a ce wa yaran nan su rufe ido kawai a tafi ba. Za ta ce a ƙaro musu hannu, don zama ba ya karɓar haihuwa. Ni ma haka na ce, kuma a rubuta.

Yaya ba ta bar gona ba, ba ta bar shanu ba. Amma yanzu a ɗakin haihuwar su Rabi, in an gama da mace, ɗaya takan ce wa ɗaya, je ki sauke, na riƙe miki. Takardar kuwa tana nan a jaka, Rabi ta ce ba ta yaga ba, ni ma ban ce ta yaga ba. Litinin dai ta zo ta wuce fiye da sau arba'in, kuma kowace safiya farin kayanta take sawa ta fita.

Allah ya sanyaya makwancinki, Yaya, ya ba ki hutun da babu mai tashinki da hayaƙi.