Shekara Shida Bayan Yaya Mamman, Na Fara Sa Mutane Dangwala Yatsa

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana, Alhaji Mamman mai hatsi na Ƙanƙara, kuma ba zan ɓoye ba, na sha wuya. Ya tafi ya bar mini sito, da marayu bakwai, da kuɗinsa a hannun mutane tun daga Faskari har Sabuwa.

Ranar jana'iza liman ya ce duk mai bin mamaci bashi ya fito. Mutum biyu suka fito, muka sallame su kafin sadakar uku. Amma wanda mamaci yake bi, ba a kiransa, shi ma ba ya fitowa. Yaya kuwa ba ya rubutu. Mutum zai ɗauki masara buhu talatin ya ce sai kasuwa ta ci, Yaya ya ce Allah ya kai mu. Iyakar takardar ke nan.

Ban ce duk macuta ba ne. Wasu, 'yan bindiga ne suka tashi garinsu. Wani aka ɗauke masa ɗa, ya sayar da komai ya biya fansa. Wanda ke kwana a ajin firamare da iyalinsa, me zan karɓa a hannunsa? To amma 'ya'yan Yaya su ma tuwo suke ci. Na sayar da shanun noma, na sayar da fadama, kafin sito ya sake tsayawa.

Bana wani ma'aikacin takaful, wato inshorar Musulunci, ya zo mana daga Funtuwa. Ni karatuna bai yi nisa ba, na ce ya yi mini gwari-gwari. Ya ce in na ba da kaya bashi, zan zuba ɗan wani abu a asusun da 'yan kasuwa ke tarawa. In mai ɗaukar kaya ya kasa biya, asusun zai mayar mini da mafi yawan kuɗina. Sharaɗi dai, sai na ba su sunan mutumin sun bincika, shi kuma ya sa hannu. Na tambayi limaminmu, ya ce in babu kuɗin ruwa a ciki taimakon juna ne.

Da Yaya yana raye na san dariya zai yi mini. A wurinsa kai sunan mutum ofis tonon asiri ne. Sai dai a zamaninsa mota takan tashi daga Sabuwa da yamma ta iso lafiya. Bai ga abin da na gani ba.

Makon jiya Alhaji Sani na Yankara ya zo, aminin Yaya, wanda ya fi kowa ɗaukar kaya a wurinmu. Buhu arba'in yake so. Na fito da takardar takaful ɗin don ya sa hannu.

Ya ce, "Isuhu, shekara ashirin ina ɗaukar kaya a wurin yayanka, bai taɓa sa ni dangwala yatsa ba. Yau ni ka mai da ɓarawo?"

Na ce, "Alhaji, ba kai nake tsoro ba, hanya nake tsoro. In aka tare motarka, wa zai ciyar da yaran nan?"

Ya ce, "Allah ya jiƙan mai siton." Ya hau babur ko sallama babu.

Abin ya tsaya mini a rai. In ya koma wani sito, rabin cinikina ya bi shi. In na ba shi haka nan, abincin marayu na ɗora a mota na ce Allah ya kiyaye.

Abin da ya rage mini na Yaya shi ne bai taɓa mayar da mutum hannu rabbana ba, ni ma ba zan fara ba. Wannan na riƙe. Rashin rubutun kuwa na bar shi, Allah ya gafarta masa, ya sa ya huta.

Washegari da sassafe na sa aka yi lodin buhu arba'in, na sa takarda da tawadar dangwale a aljihu, muka kama hanyar Yankara. A ƙofar gidan Alhaji Sani na ce wa direba kada ya kwance igiya sai na fito. Sannan na cire takalmi na yi sallama.