Ranar da Na Soke Tsayawa a Gindin Dutse

Shekara talatin da 'yan kai na yi ina aikin malamin gona a ƙasar Kankara, kuma ranakun da na manta sun fi waɗanda nake tunawa yawa. Amma akwai guda ɗaya da ta ƙi barina, ranar da na kai manoma ziyara ƙasar Faskari. Ku da kuka kama aiki bayanmu nake son ku ji, domin kuskuren da na yi ba ya cikin kowace takardar da aka koyar da mu.

Ga wanda bai san aikin ba, bayan kaka mukan shirya wa ƙungiyoyin manoma fita ta yini ɗaya. Malamin gona shi ke rubuta sunaye, ya tsara wuraren da za a je da lokacin kowanne, ya miƙa wa mai kula da shiyya, shi kuma ya kai wa shugaban sashe ya sa hannu. Da can abin ba wuya. Da 'yan bindiga suka addabi yankin sai fitar ta tsaya shekaru. A shekarar da nake magana an ɗan samu sauƙi, aka ba mu izini da sharaɗi biyu: jami'an tsaro za su raka mu, kuma duk hanyar da ba kwalta mu bar ta kafin la'asar.

Wuri uku na tsara. Da safe gandun wani attajiri a ƙasar Faskari, mai shanun madara da lambun mangwaro. Da azahar wani dutse da ke gefen hanya, inda magabata suka jera duwatsu a gangare don tare zaizayar ƙasa. Da yamma kuma Funtuwa, a ga kasuwa da manyan shagunan kayan noma. Ni mutum ne mai son tsari, har abokan aiki kan tsokane ni wai ko atishawa sai na duba jadawali. Ina jin daɗin wannan tsokana a lokacin.

Kwana uku kafin tafiya wani dattijo ya same ni a ofis. Baba Nomau sunansa, Bamaguje ne, asalinsa daga ƙauyen da ke gindin wannan dutse. Ƙauyen ya watse, shi da matarsa suna zaune a wani ɗaki da aka ba su aro a bayan gari. Ya cire takalmi tun daga baranda, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, bai faɗi abin da ya kawo shi ba. Sai da ya miƙe zai tafi ya ce, "Malam, na ji an ce motar ga za ta tsaya dutsenmu."

Na ce haka ne.

Ya ce, "In da wuri, a sa ni. Akwai abin da nike son dubawa."

Ban tambaye shi mene ne ba. Na ɗauka rumbu ne ko wata tsohuwar gona. Na rubuta sunansa a ƙasan takarda, na koma kan aikina.

Ranar tafiya ya riga kowa zuwa. Yana riƙe da fartanya an naɗe bakinta da tsumma. Na ce, "Baba, yau ranar hutu ce, ba gayya za mu ba." Mota ta ɗauki dariya, shi ma ya yi murmushi, ya tura fartanyar ƙarƙashin kujera. Kafin direba ya tayar da mota tsohon ya sake leƙo ni, ya ce, "Za dai a tsaya, ko Malam?" Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, yana cikin takarda.

Gandun attajirin ya ƙayatar, gaskiya. Manoma sun ga saniyar da ake tatsa da inji, sun ga rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, mata suna ta taɓa ganyen mangwaron aure suna tambaya. Mun gama a kan lokaci. Muna shirin shiga mota sai manajan gandun ya ce Alhaji yana hanya, kuma ya sa an yanka rago saboda mu. Kun san ba a tashi a bar abincin mai gida, balle mai gidan da ya buɗe maka ƙofa kyauta. Muka zauna. Alhaji bai iso ba sai bayan azahar, aka ci, aka yi jawabi, aka yi godiya, aka ɗauki hoto. Da muka fito, babban jami'in da ke rakiyarmu ya ja ni gefe. Ya ce lokacin da ya rage ba zai ɗauki wuri biyu ba. In dutse ne, za mu shiga mu fito da ƙyar kafin la'asar, Funtuwa kuma ta faɗi. In Funtuwa ce, to mu miƙe kan kwalta.

A nan na yi abin da nake ganin adalci ne. Na tsaya a gaban mota na ce a ɗaga hannu. Masu son Funtuwa suka ɗaga, kusan kowa, domin akwai matan da ba su taɓa taka garin ba. Na ce masu son dutse fa? Ba hannu ko ɗaya. Na dubi Baba Nomau musamman, hannayensa biyu suna kan gwiwa. Na ce a raina ashe abin bai dame shi ba, na sa biro na soke layin.

Mun wuce mararrabar da ke shiga ƙauyensu, dutsen yana hagu, a fili. Wasu suna nunawa ta taga. Shi kuwa ya sunkuyar da kai yana kallon ƙafarsa har muka wuce. Wannan ya ƙara tabbatar mini ban yi laifi ba.

A Funtuwa mutane suka bazu cikin kasuwa. Baba Nomau bai sauka ba, ya ce ƙafa ke damunsa. Ina tsaye ina shan ruwa sai Hajiya Talatu, shugabar ƙungiyar mata, ta zo ta tsaya kusa da ni. Ita ma mutuniyar wancan yankin ce kafin ta yi aure a Kankara. Ta ce, "Malam, ka san mi tsohon ga ya ɗauko fartanya ya yi?"

Na ce a'a.

Ta ce, "Ɗanshi na fari yana gindin dutsen nan. Arzika. Ranar da aka shigo masu aka kashe shi, cikin sauri aka rufe shi wajen wata kuka, aka gudu. Damina huɗu ke nan ba wanda ya koma. So yake ya tada ƙasar, ya jera duwatsu, kar wurin ya ɓace."

Na ce, "To, Hajiya, me ya hana shi faɗa? Me ya hana shi ɗaga hannu?"

Ta dube ni kamar ba ɗan ƙasar ba. Ta ce, "Ɗan fari ne fa, Malam. Yana raye bai taɓa kiran sunanshi ba, sai yanzu gaban mutane zai ɗaga hannu saboda shi? Ni ma sai da na ga mun wuce mararraba na gane ba ka sani ba. Na ɗauka ya gaya maka a ofis."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san wannan kunya. Mahaifina har ya rasu bai kira yayanmu da sunansa ba, sai dai ya ce "wancan". A cikinta na tashi. Amma da na rataya jakar ofis sai na koma mai jiran a rubuto mini buƙata a fili. Na ruga wajen jami'in, na roƙe shi mu biya a hanyar komawa. Ya nuna mini rana, ya ce ko shi ke da dutsen ba zai shiga da mata cike da mota ba. Gaskiyarsa ce, ban ja ba.

Washegari na je gidan da suke. Baba Nomau ya shimfiɗa mini buhu, ya yi mini godiyar tafiya, wai an sha ɗawainiya da su. Na fara ba shi haƙuri sai ya katse ni, ya shiga tambayata farashin taki. Na gane ba ya son a taɓa zancen, na bi shi a haka. Da zan tafi, matarsa ta biyo ni bakin zaure. Tsohuwa ce ƙarama, ba ta kalle ni ba, tana gyara bakin zanenta. Ta ce, "Shi bai ce mani komi ba. Kai da kake gaban mota, ko daga nesa, ka hangi kukar tana nan tsaye?"

Na so in ce tana nan. Amma ban sani ba. Lokacin da muka wuce ina duba takarda, ina lissafin minti nawa za mu yi a kasuwa. Na ce, "Inna, ban duba ba." Ta ce, "To, ba komi," ta koma ciki.

Na rubuta takardar neman a sake ba mu rakiya, ko mutum uku ne a kan babur. Kafin amsa ta fito hanyar ta sake lalacewa. Baba Nomau ya rasu a Kankara bayan damina biyu, bai koma ba. Har yau in na tuna sai in ji baƙin ciki kamar jiya aka yi, kuma ban yafe wa kaina ba.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, mutanenmu ba sa faɗin abin da ya fi yi masu nauyi, musamman dattawa. Ɗaga hannu yana nuna maka abin da masu yawa ke sha'awa, ba ya nuna maka wanda ke da larura. In tsoho ya taka har ofis, ya tambaye ka abu sau biyu a hankali, kada ka tsare shi da tambaya, ba zai faɗa ba. Ka tashi ka nemi wani nasa ka ji. Hajiya Talatu tana zaune kujera biyu bayana tun daga Kankara, kuma tambaya ɗaya ta ishe ni.