Mai Keken Da Na Kasa Wucewa a Hanyar Ɗanzomo

Jama'a, wannan labarin ba a majalisa na tsince shi ba, ni ya faru da ni, kuma na rantse da wanda raina yake hannunsa ban ƙara masa gishiri ba. Shekarun baya ne, lokacin ina zaune a Gumel ina harkar riɗi da zoɓo, ranar Alhamis in shiga kasuwar Maigatari, sauran ranaku in zaga Gagarawa da ƙauyukan Sule Tankarkar ina haɗa kaya. Gidanmu na asali kuwa yana wani ɗan ƙauye a bayan Ɗanzomo, can Innarmu take tare da yayana Sabo, wanda shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, shi ya yi noma ya kai ni makaranta.

Ni dai tun ina yaro Allah ya jarrabe ni da son mota, kuma ba kowace mota ba, mai gudu. Da Allah ya ɗan buɗa min, sa'o'ina suna sayen fili suna sayen shanu, ni sai na je na ɗauko wata ja mai ƙofa biyu, kujera biyu rak, ta hannu ce daga Kwatano aka shigo da ita, ga ta can ƙasa kamar ta durƙusa tana gaida kwalta. In na tayar da ita da safe, ƙarar salansarta har kajin maƙwabta sai sun watse. 'Yan Gumel suka laƙaba mata suna wai Kwaɗo, matata kuma kullum faɗa, wai motar da ko buhun gero ba ta ɗauka, in za mu je suna sai dai yara su bi adaidaita. Gaskiyarta ce, amma ni ina da nawa ra'ayin har gobe: mota mai giyar hannu ita ce mota, mai canja wa kanta giya kujerar falo ce aka sa wa taya, kuma wanda bai taɓa taka totur ya ji mota ta manna masa baya a kujera ba, wallahi bai san tuƙi ba, jigila kawai yake. Da kaina nake wanke ta, ban yarda wani bakanike ya taɓa ta ba sai wani mutumina a Kano, kowane tudun rage gudu a garin nan na san shi, a karkace nake hawansa don kada cikinta ya gogi ƙasa. Juma'a da yamma kuwa in hanyar Maigatari ta yi shiru, sai mu haɗu da wasu abokaina 'yan Damagaram masu irin wannan ciwon, mu ɗan gwada ƙafa, mu dawo mu sha shayi muna musun wa ya riga wa.

To ranar da abin ya faru tsakiyar damina ce, gero ya haura kan mutum. Na cika tanki da safe na tafi ƙauye gaida Inna, ina zaune a ɗakinta ina shan fura, rana ta take tsaka, sai muka ji salati a ƙofar gida. Na fito na tarar an sauke Yaya Sabo daga amalanke, ƙafarsa ta dama ta fara kumbura, wai yana yankan ciyawa a gefen gona kububuwa ta sare shi a idon sawu. Waɗanda suka san kububuwa sun san abin da nake nufi, ba ta kayar da mutum nan take, jini take tsinkawa. Inna ta ce a kira mai maganin gargajiya na ƙauyen gaba, na dubi bakin Yaya na ga dasashinsa ya fara ja, na ce wallahi ba wanda zan jira. Muka cusa shi a kujerar gefe, ba wurin mutum na uku, matarsa ta riƙe ƙofar tana kuka sai da aka ɓamɓare hannunta. Inna ta leƙo ta taga ta ce, "Auta, ga ɗan'uwanka nan, na ba ka amana." Na tayar da mota.

Na lallaɓa na fita daga burji, cikin motar yana ta gogar ƙasa ban ko damu ba, muna hawa kwalta a Ɗanzomo na ji wani masallaci ya fara kiran azahar. Na ce wa motar a raina yau ranarki ce, duk surutun da aka yi min a kanki yau za ki rama min. Hanyar nan na san ta kamar tafin hannuna, a irin tuƙina kafin shayi ya huce na shiga Gumel. Na jera giya, allurar maleji ta miƙe, gonaki suka koma zare kore a gefe da gefe.

Ba mu yi nisa ba sai na hango wani mutum a kan keke a gabana, a tsakiyar hannun titin da nake bi, farar riga, ba hula, yana tuƙi a hankali irin na dattijon da ya taso daga ɗaurin aure. Na danna ham, bai kauce ba. Na ɗan karkata zan wuce shi, sai na lura da abin da ya sa gashin jikina ya miƙe: ba na cim masa. Tazarar da ke tsakaninmu tana nan yadda take, kamar tsawon igiyar guga. Na dubi maleji, allura ta haura ɗari da arba'in, na dubi mutumin, ƙafafunsa na juyawa sannu sannu, rigarsa ko kaɗawa ba ta yi. Na ce ko idona ne, na murza ido, na ƙara wuta. Injin yana ihu, sitiyari yana rawa a hannuna, gero yana wucewa fuu, mai keke yana nan. In na koma dama yana gabana, in na koma hagu yana gabana, kuma ban taɓa ganin lokacin da ya karkata ba.

Kai jama'a! Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Akwai wata kuka mai rassa biyu da nake wucewa, akwai wani kwalbati, akwai gidan mai da ba a gama ginawa ba, ko ɗaya ban gani ba, gero ne kawai, gero, gero, ba mota ba babur ba ko akuya. Na waiga na ga jini yana bin gefen bakin Yaya yana ɗiga a rigarsa, har tsohon kaushin da ke diddigensa ya buɗe yana tsattsafa. Na fara kiran sunansa ina cewa Yaya ka daure mun kusa, alhali ban san inda muke ba. Na ɗauko waya, ba layi. Na karanta duk abin da na haddace, na dawo na maimaita, na zagi mai keken, na roƙe shi, na danna ham har hannuna ya yi ciwo, hawaye suka rufe min ido ina gogewa da kafaɗa. Allurar zafi ta fara hawa, ta mai tana sauka ina kallonta. Wallahi a lokacin na yi niyya, na ce in mutum ne in aljan ne bi ta kansa zan yi, in ya so a yi min duk hukuncin da za a yi, na taka totur har ya taɓa ƙasa na ƙure maleji. Ko taku ɗaya ban rage ba.

Sai na ji hannun Yaya a kan gwiwata, sanyi ƙalau. Muryarsa can ƙasa ya ce, "Auta, ɗaga ƙafarka."

Na ce, "Yaya in na tsaya mutuwa za ka yi."

Ya ce, "Ɗaga ƙafarka na ce. Ka yi wa mutumin nan sallama. Tun ɗazu ihu kake masa, ba ka gaishe shi ba."

Ban taɓa yi masa musu ba a rayuwata, ranar ma ban iya ba. Na ɗaga ƙafa, ina ji kamar da hannuna nake yanka shi, na sauko da giya har motar ta koma tafiyar amalanke, mai keke yana nan a tazararsa, bai ƙaru ba bai ragu ba. Na sauke gilashi, wani irin shiru ya shigo, ko kukan tsuntsu babu. Na leƙa na ce, "Salamu alaikum bawan Allah. Don girman Allah ka ba mu hanya, marar lafiya na ɗauko, yayana ne, ba ni da kamarsa."

Bai amsa ba, bai waigo ba. Hannunsa na hagu kawai ya ɗaga ya yi min alama in wuce, yadda direban babbar mota yake yi. Yaya ya ce, "Kada ka kalle shi." Na kafe idona a kwalta na wuce a hankali, na ji wani sanyi ya bi gefen fuskata kamar an buɗe randa. Da na ɗan yi gaba na kasa daurewa na dubi madubi, hanya fayau, ba keke ba mutum. Ina mayar da idona gaba sai ga kukar nan mai rassa biyu, wadda take dab da fita Ɗanzomo. Wato duk gudun nan ko ina ban je ba.

Daga nan hanya ta koma hanya, ga babura ga mata da tallan gyaɗa, na shiga Gumel fitilar mai tana ƙiftawa, tankin da na cika da safe. Ina tsayawa a ƙofar asibiti na ji ana kiran sallah, na tambayi mai gadi wace sallah ce, ya dube ni ya ce la'asar mana. Aka ɗauke Yaya a gadon turawa bai san inda kansa yake ba, wata ma'aikaciyar jinya ta hau ni da faɗa, tana cewa me ya sa kuke zama da mutum a gida sai jininsa ya ƙare, ga ka da mota har mota. Na zauna a dandamali na haɗa kai da gwiwa. Aka yi masa allurar dafi, aka ɗebi jinina aka ƙara masa, ya yi kwanaki ana fitar da rai ana mayarwa, Allah cikin ikonsa ya tashe shi, sai dai ƙafar har yau yana ɗan janta. Da ya warware na tambaye shi mai keken nan, ya ce shi bai tuna komai ba tun daga amalanke, bai san ya yi min magana ba ma.

Na so in bar abin a haka, in ce ruɗewa ce. Sai bayan kaka, na je awon riɗi a Ɗanzomo na ajiye motar a bakin hanya, wani dattijo ya zo ya daɗe yana zaga ta, sannan ya ce, "Malam, kai ne mai motar nan? Yaya jikin wanda ka ɗauko?" Na ce da sauƙi Baba, a ina ka san mu? Ya ce gonarsa tana bakin kwalta kafin kukar nan, ranar yana ciki ya ji mota tana kuka kamar za ta fashe, ya fito ya tarar da ita tsaye cik a tsakiyar hanya, taya ko motsi ba ta yi, babura suna kauce mata. Ya ce ya zo ya ƙwanƙwasa gilashina ya gaji, ina kallon gaba ina murza sitiyari ina kuka, ban ko san yana wurin ba, ya kira maƙwabtan gonarsa, suka tsaya daga nesa suna salati, ba wanda ya yarda ya sake matsowa.

Na ce, "Baba, ba ka ga wani mai keke a gabana ba?"

Ya ce, "Keke kuma? Babu keke. Sai dai mutumin da ke zaune a gaban motarka, kan bonet, mai farar riga, ya ba ku baya yana ta juya ƙafafunsa a iska. Da fari na ɗauka bakanikenka ne. Da ka sauke gilashi ka yi sallama, sai ya sauka ya shiga cikin gerona." Ya ƙara da cewa, "Geron nan ko ganye ɗaya bai motsa ba."

Ban auna riɗin ba ranar. Har yanzu ina tuƙi, har yanzu ina son mota mai amsawa, ba zan yi muku ƙarya ba, amma ban san wane ne mutumin nan ba, ban san me ya riƙe mu dominsa ba, malaman da na tambaya kowa da abin da ya ce. Abin da zan gaya muku kawai, musamman ku matasa masu zafin ƙafa, kada ku tayar da mota ba ku yi addu'ar hawa ba, kuma in kuna kan hanya da tsakar rana kuka ga wani a gabanku kun taka kun taka bai matso ba, ku bar ham ɗin nan, ku sauke gilashi ku yi sallama. In ya ba ku hannu ku wuce, ku wuce, kada ku kalli fuskarsa.