Bindigar Wancan

A unguwar Shamaki kowa ya san Baffa Jaji da baƙin hannun riga. Duk shekarunsa na aiki a ɗakin ajiyar makamai ya yi su, yana duba bindigogi, kuma ko da ya yi ritaya hannun bai huta ba. Matarsa Delu ta yi wanki ta yi mita har ta haƙura. Ni Sule maƙwabcinsa ne, katanga ce kawai tsakaninmu, na kuma sha tsokanarsa cewa ya fi iya hira da ƙarfe a kan mutane.

Yana da wata kalma tasa. Irin bindigar nan mai ɗora wa kanta harsashi na gaba, in ji shi, da ƙarfin hayaƙin harbin farko take yin aikin. In hayaƙin ya sami kafar zurarewa, sai ya bar baƙi a wurin, bindiga ta yi harbi ɗaya ta cije. Wannan shi yake kira huci.

Mutum ɗaya ne Baffa ba ya iya yi wa magana ido da ido, ɗansa na fari, Muktar. Kunyar ɗan fari irin ta Fulanin da, ya riƙe ta gam. Bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai "wancan".

Muktar ya shiga ƙungiyar mafarauta masu raka matafiya a hanyoyin daji. Ranar da za su tashi ya zo sallama, ya jingine bindigarsa a zaure ya shiga cikin gida. Ina zaune Baffa ya ɗauke ta, ya goga hannun rigarsa a jikinta, ya daɗe yana kallon abin da ya fito.

Da Muktar ya dawo ya durƙusa, sai Baffa ya kau da kai ya dube ni.

"Sule, ka ce wa wancan abar nan tasa kamar tana huci. Ko dattin ajiya ne, ban tabbata ba. Da zai bar ta a duba."

Muktar ma ni ya amsa wa, kansa a ƙasa. "Kawu, a ce wa Baffa mota na jira. In na dawo zan kawo ta."

Da ɗan wani ne, wallahi fizge bindigar zai yi ya haɗa masa da faɗa, na sha gani. Amma ya riƙe ɗansa a gaban mutane, ai ya nuna so ke nan. Sai Muktar ya saɓa ta ya fita.

Abokan tafiyarsa da suka kawo gawarsa sun ce kwanton ɓauna aka yi musu. Bindigarsa harbi ɗaya ta yi.

Har yau abin na ci mini rai. Baffa ya hana Delu wanke rigar da ya goga a jikin bindigar. Bayan an tashi daga zaman makoki, wata rana da hantsi ina alwala a gindin katanga, na jiyo muryarsa a zaure shi kaɗai. A hankali yake faɗa yana maimaitawa, kamar mai koyon sabuwar kalma.

"Muktar. Muktar, ajiye ta."